Likita ya ce in dawo bayan shekara uku, ni kuwa kullum ina jiran mummunan labari

Tambaya: Ni magidanci ne mai shekara 54. Na daɗe ina fama da ƙwannafi, musamman da daddare, har wani lokaci ruwa mai tsami yakan taso mini zuwa baki ina cikin barci. Bara likita ya tura ni aka zura mini kyamara ta baki, aka ɗebo ɗan nama aka kai gwaji, daga baya aka ce ina da abin da ake kira Barrett a ƙasan bututun abinci. Likitan ya ce ba kansa ba ce, amma tana iya zama kansa. Ya rubuta mini omeprazole, maganin rage asid na tumbi, ya ce in dawo bayan shekara uku a sake dubawa. Tun daga ranar ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Duk lomar da na haɗiye sai na tsaya in ji ko ta wuce lafiya, kuma yanzu ina jin kamar wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Na daina cin abubuwa da yawa har na rame, ramar kuma ta ƙara tsorata ni. Takardar sakamakon tana cikin durowa, na kasa sake buɗe ta. Matata ba ta sani ba, domin ba na so in tayar mata da hankali. Wani abokina ya ce in daina shan maganin saboda yana lalata ƙoda. Shin in matsa a riƙa duba ni kowace shekara, ko kuwa in nemi a yi mini tiyata a cire wurin kowa ya huta? Shekara uku ta yi mini nisa.

Amsa: Malam, sannu da wannan ɗawainiya, Allah ya ƙara lafiya. Zan fara da abin da ya fi damun ka, wato shekara ukun nan, domin a cikin wasiƙarka duka ita ce labari mafi daɗi, ko da yake kai a matsayin sakaci ka ɗauke ta. Likitan da ya ga alamar haɗari a naman da aka ɗebo ba ya sallamar mutum har shekara uku. Da an ga ƙwayoyin halittar wurin sun fara lalacewa, da cewa za a yi ka dawo bayan 'yan watanni, ko kuma a fara maganar yi wa wurin aiki nan take. Tazarar da aka ba ka tana nuna cewa, bisa ga dukkan alamu, kana cikin rukunin da ya fi kowanne yawa kuma ya fi kowanne sauƙin hali a cikin masu wannan lalura. Ban ga takardarka ba, saboda haka likitanka ne zai tabbatar maka da wannan, kuma zan dawo kan maganar takardar nan gaba.

Ya kamata ka san abin da ya faru a jikinka, domin kalmar nan “tana iya zama kansa” ta rufe maka ido daga sauran bayanin. A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai zoben tsoka wanda aikinsa shi ne ya buɗe abinci ya wuce, sannan ya tsuke don kada abin da ke ciki ya dawo sama. Idan zoben ya yi sako-sako, ko kuma saman tumbin ya kutso ta cikin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai asid na tumbi, wani lokaci har da ruwan maɗaci, ya riƙa tasowa yana ƙona ƙasan bututun. Wannan ƙunar ita ce ƙwannafin da ka sha fama da shi. Shimfiɗar da ke cikin bututun abinci ba a yi ta don jure asid ba, to idan ƙunar ta ɗauki shekaru, a jikin wasu mutane sai wurin ya sauya shimfiɗarsa zuwa wata mai kama da ta hanji, wadda ta fi jure tsami. Kamar kanta ce a tafin hannun mai aikin ƙarfi, jiki ne ya kare kansa a inda ake yawan gurzarsa. Ta kyamara ana ganin bambancin ƙarara, domin shimfiɗar asali fara-fara ce, sabuwar kuwa ja-ja. Sunan da ake kiran ta da shi na wani likitan tiyata ne, Norman Barrett, haifaffen Ostareliya wanda ya yi aiki a Landan, da ya yi rubutu a kanta a 1950. Shi kansa da farko ya zaci tumbi ne ya hauro cikin ƙirji, sai daga baya aka tabbatar cewa bututun ne ya sauya shimfiɗa.

Illar wannan sabuwar shimfiɗa ita ce ba ta da tabbas irin na ta asali, kuma a jikin mutane ƙalilan ƙwayoyin halittarta sukan fara karkacewa daga tsarinsu. Wannan karkacewar ita likitoci ke kira disfileshiya, kuma tana da mataki: akwai mai sauƙi, akwai mai tsanani, sannan a bayansu ne kansa take. Yawanci tafiya ce ta shekaru, kuma mafi yawan masu Barrett ko matakin farko ba sa takawa. A 2011 an wallafa wani babban bincike daga ƙasar Denmak wanda ya bi mutum 11,028 masu wannan lalura, aka samu cewa a kowace shekara mutum ɗaya da ɗan ɗoriya ne cikin 1,000 yake kamuwa da kansar. Da aka tattara bincike daban-daban kan waɗanda ba su da disfileshiya, adadin ya tsaya wajen mutum 3 cikin 1,000 a shekara. Mu ɗauki adadin da ya fi yawa mu yi lissafi da shi: ko da an tara shekara 20, abin da zai bayar bai wuce mutum 6 cikin 100 ba, sauran 94 kuma za su tsufa da Barrett ɗinsu ba tare da ta zama komai ba. Da aka duba abin da yake zama ajalin masu Barrett, an ga cewa mafi yawansu wasu cututtuka ne daban suke ɗauke su, ciwon zuciya a kan gaba, kamar dai sauran mutane masu shekarunsu.

Ba zan ce maka haɗarin babu shi ba, domin hakan ƙarya ce kuma za ka gane. Wanda yake da Barrett ya fi wanda ba shi da ita kusanci da wannan nau'in kansar, haɗarin kuma yana ƙaruwa da tsawon wurin da ya sauya, da shan taba, da teɓa, da kasancewar wani ɗan'uwa na jini ya taɓa yin ta. Sai dai akwai wani abu da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba: fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da wannan kansar ba a taɓa sanin suna da Barrett ba kafin ranar, kuma shi ya sa ake samun su a makare, bayan abinci ya fara tsaya musu. Labaran da kake karantawa a intanet cikin dare, masu cewa kansar bututun abinci tana kisa da sauri, galibinsu labarin waɗannan mutane ne. Kai an riga an san wurin, an auna shi, an ɗauki samfurinsa, an kuma sa ranar komawa kansa.

Yanzu ga takardar da ke cikin durowa. Ina roƙon ka ka fito da ita a cikin makon nan, ka nemi ganin likitan da ya duba ka ko wanda ya tura ka, ka ajiye ta a gabansa ku karanta tare. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma shekara guda ka yi kana jin tsoron takardar da wataƙila kwantar maka da hankali za ta yi. Ka tambaye shi kai tsaye ko an ga disfileshiya, domin wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Ka tambayi tsawon wurin. A takardar za ka iya ganin harafin C da lamba, da harafin M da lamba, bisa tsarin aunawa da ake kira na Prague: C yana nuna santimita nawa ne suka sauya a kewayen bututun gaba ɗaya, M kuma yana nuna iyakar inda harshen da ya fi tsawo ya kai. Da wannan tsawon ake yanke tazarar dubawa. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2022, ta ce wanda nasa bai kai santimita 3 ba kuma babu disfileshiya a duba shi bayan shekara 5, wanda nasa ya kai ko ya wuce kuma bayan shekara 3. Ta Birtaniya ta ba da shekara 3 zuwa 5 ga gajere, 2 zuwa 3 ga dogo. Ka ga ke nan likitanka bai ƙirƙiri shekara ukun daga kansa ba. Ka kuma tambaya ko an ɗebi nama yadda ya kamata, wato daga kusurwa huɗu a kowace santimita 2 na wurin, domin ingancin dubawa ya fi yawanta amfani. Idan ka fito, ka ɗauki hoton takardar a wayarka, saboda likitan da zai duba ka nan gaba zai so ya kwatanta abin da ya gani da abin da aka gani a baya.

Abin da na fi so ka riƙe daga wannan amsa ya shafi sauraren loma da kake yi. An ce maka za a sa wa wurin ido, sai ka ɗauki aikin sa idon ka ɗora wa kanka, kana yin sa sau uku a rana a kan faranti. Wannan aiki ne da ba za ka iya ba, ko da ka fi kowa lura, domin Barrett ba ta da wata alama tata ta kanta, disfileshiya ma haka. Ba a jin ta a haɗiya, ba ta ciwo, ba ta ƙaiƙayi. Idon kyamara da madubin ɗakin gwaji ne kaɗai suke ganin ta. Hatta ƙwannafin ba ma'auni ba ne: akwai masu Barrett da ƙwannafinsu ya ragu saboda sabuwar shimfiɗar ba ta jin zafin asid kamar ta da, akwai kuma masu ƙwannafi mai tsanani da bututunsu lafiya lau. Saboda haka ranar da ka ji ƙuna ba shaida ce ta cewa abin ya ci gaba ba, ranar da ka wuni garau ma ba shaida ce ta cewa ya warke ba. Duk sauraren da ka yi a shekarar nan bai ƙara maka ko ƙwayar zarra ta kariya ba, abin da ya yi kawai shi ne ya hana ka jin daɗin abinci, ya kuma koya wa maƙogwaronka ɗaurewa.

Wannan ya kawo mu ga abin da kake ji ya tokare maka. Akwai wani yanayi sananne wanda mutum yake jin kamar ƙulli a maƙogwaro, a sama wajen wuya, yana jin sa tsakanin cin abinci ko lokacin haɗiyar yawu, amma idan ya zauna cin abinci sai lomar ta wuce, wani lokaci ma ƙullin ya lafa. Damuwa tana kawo shi, tasowar asid ma tana kawo shi, kuma yawan gwada haɗiya yana ƙara shi. Wanda likitoci suke tsoro daban ne: abinci ne da kansa yake tsayawa, galibi a bayan ƙashin ƙirji, har sai an kora da ruwa ko an dawo da shi, yana farawa da abu mai tauri kamar nama, kuma yana ƙaruwa mako bayan mako har ya kai ga abu mai laushi. Daga bayaninka na fi zaton na farkon ne, amma zato ba ya isa a nan, don haka ka faɗa wa likita a zaman da za ku yi, ka bar shi ya yanke. Haka ma ramar. Mutumin da ya rage cin abinci dole ya rame, sai dai rama tana cikin abubuwan da ba a yin shiru a kansu, saboda haka ka hau sikeli a asibitin a rubuta nauyinka, ka koma cin abinci sosai, a sake aunawa bayan wasu makonni. Idan nauyin ya dawo, magana ta ƙare. Idan yana ci gaba da sauka alhali kana ci, to likita zai matso da dubawar.

Alamomin da ba a jiran shekara uku a kansu kaɗan ne, kuma ba sa bukatar a kasa kunne kafin a ji su: tsayawar abinci irin wadda na kwatanta, zafi yayin haɗiya, rama ba dalili, aman jini ko amai mai kama da garin kofi, baƙin bayan gida mai kama da kwalta, amai da ya ƙi tsayawa, ko kuma gwaji ya nuna jininka ya yi ƙasa. Aman jini da baƙin bayan gida na ranar ne, ba a kwana da su. Zan ƙara da guda ɗaya wanda masu ƙwannafi suke yawan yin kuskure a kansa: ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora masa nauyi, musamman idan ya zo da gumi, ko ƙarancin numfashi, ko ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi. A shekarunka kada ka ce ƙwannafi ne ka sha magani ka kwanta, a garzaya da kai asibiti a duba zuciya.

Game da dubawa kowace shekara, ban ba ka shawarar ka matsa ba. A Birtaniya an yi wani gwaji da ya ɗauki mutum fiye da 3,400 masu Barrett, aka raba su biyu, kashi ɗaya ana duba su duk shekara biyu, ɗaya kashin kuma sai idan wata alama ta taso, aka bi su shekara goma ko fiye. Sakamakon da ya fito a 2025 bai nuna bambanci a yawan waɗanda suka rayu tsakanin ɓangarorin biyu ba. Ban kawo wannan don ka yi watsi da ranarka ba, domin ƙa'idojin likitoci har yanzu suna kan dubawa, kuma mai dogon wuri ya fi mai gajere bukatarta. Na kawo shi ne don ka ga yadda abin yake tafiyar hawainiya a jikin yawancin mutane. Idan dubawa duk shekara biyu ba ta nuna fifiko a kan jiran alama ba, da wuya dubawa duk shekara ta ƙara maka wani abu ban da azumin gwaji, da allurar sa barci, da makonnin zullumin jiran sakamako. Kuma na san halin irin wannan tsoro: da an mayar da shi shekara guda, bayan wata uku za ka fara ganin ita ma ta yi nisa.

Tiyata kuwa, a yadda kake nufin ta, ba ƙaramin abu ba ne. Cire bututun abinci yana cikin manyan ayyukan tiyata, ana jawo tumbi sama a haɗa, mutum kuma yakan sauya yadda yake cin abinci har ƙarshen rayuwarsa. Ba a yin sa don Barrett da ba ta lalace ba, domin haɗarin aikin ya ninka haɗarin cutar. Akwai wata tiyatar daban ta ɗaure bakin tumbi don hana asid tasowa, wadda take taimakon waɗanda magani ya kasa tsayar musu da ƙwannafi, amma ba a tabbatar ta fi magani hana kansa ba, kuma wanda aka yi wa ita ba ya fita daga layin dubawa. Abin da ya kamata ya kwantar maka da hankali shi ne abin da ake yi idan an ga disfileshiya. Da farko akan ba wani masanin gwajin nama na biyu ya sake dubawa, saboda kumburin da asid ke jawowa yana iya yin kama da ita, kuma sau da yawa a dubawa ta biyu sai a ga ba ita ba ce. Idan ta tabbata, ta cikin kyamarar nan dai ake aiki, ba tare da an tsaga ciki ba: a yanke wurin da ya yi tudu, sauran shimfiɗar kuma a ƙone ta da zafin wata na'ura, sai shimfiɗa irin ta asali ta tsiro a wurin. A wani gwaji da likitocin Holan suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2014, masu disfileshiya mai sauƙi da aka ƙone musu wurin kashi 1.5 cikin 100 ne kawai abin ya ci gaba a jikinsu cikin shekara uku, waɗanda aka ci gaba da dubawa kawai kuwa kashi 26.5. Hatta kansar da aka kama tun tana saman shimfiɗa akan cire ta ta wannan hanya. Amfanin dubawar ke nan, a tari abin a matakin da maganinsa yake da sauƙi.

Abokinka yana nufin alheri, amma kada ka bi shawararsa. Gaskiya ne an yi rubuce-rubuce da suka alaƙanta daɗewa ana shan irin su omeprazole da ciwon ƙoda, da raunin ƙashi, da ƙarancin bitamin B12 da sinadarin maganiziyam. Yawancinsu sun duba ne kawai su wa ke shan maganin kuma me ya same su, alhali masu shan sa tun asali sun fi tsufa da yawan cututtuka. Da aka yi gwaji na ƙa'ida da mutum fiye da 17,000, rabi suna shan pantoprazole, wanda ɗan'uwan omeprazole ne, rabi suna shan ƙwayar da babu magani a cikinta har kimanin shekara uku, sakamakon da aka fitar a 2019 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba, in ban da ɗan ƙarin cututtukan hanji masu sa gudawa. Ga wanda yake shan maganin ba tare da dalili ba, wannan muhawara tana da ma'ana. Kai kana da dalili, domin asid ne ya jawo sauyin tun farko, kuma rage shi yana hana wurin ci gaba da ƙonewa, yana kuma sa gwajin nama ya fito a fili ba tare da kumburi ya rikita shi ba. Wanda ya daina maganin kwatsam kuma yakan gamu da asid da ya dawo da ƙarfi fiye da da. Ka riƙa shan sa kamar rabin awa kafin abincin safe, domin a lokacin ne ya fi aiki, kuma mutane da yawa da suke cewa ba ya yi musu aiki bayan cin abinci suke shan sa. Idan kana da ciwon ƙoda, ko sukari, ko hawan jini, ka nemi a riƙa duba ƙodarka lokaci-lokaci. Za ka kuma iya cin karo da labarin cewa asfirin yana taimakawa wajen hana Barrett ci gaba, saboda wani gwaji na 2018 ya nuna alamar hakan idan an haɗa shi da maganin asid mai yawa. Kada ka fara shan sa da kanka, yana iya jawo zubar jini a ciki.

Maganar abinci gajera ce. Babu wani abinci da aka tabbatar yana mayar da Barrett kansa, babu kuma wanda yake goge ta. Abin da ake gujewa shi ne abin da yake tayar maka da ƙwannafi kai da kanka, wanda ga mutane da yawa yakan zama abu mai maiƙo sosai, ko yaji, ko kofi, ko lemon kwalba mai gas, ko giya. Ka dawo da abubuwan da ka daina ɗaya bayan ɗaya, wanda ya dame ka ka bar shi, wanda bai dame ka ba ka ci abinka. Waɗanda suka fi jerin haramce-haramce tasiri su ne kada ka cika ciki dam, ka bar kamar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, ka ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da santimita 15 zuwa 20 maimakon tara matasai da suke lanƙwasa ciki, ka kuma fi kwanciya ta gefen hagu. Idan kana shan taba, barin ta ya fi duk waɗannan, kuma zuciyarka ma za ta amfana.

Saura maganar uwargida, kuma a nan ba na tare da kai. Matar da take zaune da kai ta ga ka rame, ta ga kana ture faranti, ta ji kana juyi cikin dare, kuma tabbas ta riga ta fara nata lissafin, wanda mai yiwuwa ya fi gaskiyar muni. Shirun da kake yi don kare ta ya bar ta ne da tsoro ba tare da bayani ba, kai kuma ya bar ka kana ɗauke da abin kai kaɗai. Ka gaya mata bayan ka ga likita, ko ma ka tafi da ita, domin kunne biyu sun fi ɗaya riƙe bayani, kuma wanda aka ambata masa kansa ba ya cika jin abin da aka faɗa bayan kalmar. Ka fara mata da abin da aka tabbatar, cewa ba ka da kansa, sannan ka bi da sauran. Damuwar da kake ciki ba baƙuwa ba ce a wajen likitocin wannan fanni, an sha auna ta an ga cewa masu Barrett da yawa suna ɗaukar haɗarinsu ya ninka yadda yake, kuma waɗanda aka zauna aka yi musu bayani sosai sun fi samun sauƙin zuciya. Amma idan bayan ka ji bayanin likita makonni suka wuce barci bai dawo ba, ko tunanin yana hana ka aiki, ka faɗa masa wannan ma a fili, domin damuwa mai tsanani lalura ce da ake magancewa, ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan'adam ko da magani. Binciken intanet na tsakar dare kuwa ka yanke shi, duk tambayar da ta taso ka rubuta ta a takarda ka kai wa likita.

Akwai wani haɗarin da yake can ɗaya gefen, wanda yanzu ba za ka yarda zai iya samun ka ba. Bayan tsoro ya lafa, magani ya kwantar da ƙwannafi, mutane da yawa sukan manta da ranar komawa, shekara uku ta zama bakwai. Kada ka dogara da cewa asibiti zai kira ka. Ka rubuta wata da shekarar a wayarka, ka gaya wa uwargida, ka fara neman layi wata biyu ko uku kafin lokacin. Idan dubawar farko ta ba ka wuya, ka faɗa tun kafin ranar a tattauna ko feshin kashe zafi a maƙogwaro zai ishe ka ko kana bukatar allurar da ke sa mutum gyangyaɗi, wadda idan an yi ta sai ka zo da mai raka ka kuma ba za ka yi tuƙi ba sai washegari. Za a ce ka bar cin abinci kamar awa shida kafin aikin, ka ci gaba da maganin asid ɗinka sai in an ce ka tsaya, ka kuma sanar da su idan kana shan maganin tsinka jini ko na sukari. Kafin ka bar wurin ka tambayi ranar da sakamakon nama zai fito da kuma wanda zai sanar da kai, saboda kwanakin jiran nan su ne suka fi wahala, kuma sun fi sauƙi idan an san iyakarsu. A wasu ƙasashe, maimakon kyamara, an fara amfani da wata ƙwaya mai zare da aka ƙirƙiro a Jami'ar Kambirij, wadda ake haɗiyewa ta buɗe ta zama soso a tumbi, a jawo ta ta kwaso ƙwayoyin halitta, amma ba ko'ina ake samun ta ba, kuma likitanka ne zai ce ko ta dace da irin naka. Idan kana da 'yan'uwa na jini da suka haura shekara 50 suna fama da ƙwannafi na shekaru, musamman maza, ka gaya musu abin da aka samu a jikinka domin su ambata wa nasu likitan.